Kwalba Nawa Ce Iyaka?

Wai kwalbar giya nawa za ka ba mutum a shagon nan nawa kafin ka ce masa ya isa, tunda kuɗinsa ne? Kuɗinsa ne! Zauna, yaro, ajiye wayar nan tukuna.

Ni ma haka na ce wata shekara ana gobe Kirsimeti, a nan Kaltungo. Wani ya shigo da abokansa huɗu, ya ce duk abin da teburin ya sha nasa ne. Ba na kwashe kwalaben mutum sai ya biya, a ƙarƙashin teburinsa nake jera su don lissafi. Na ga sun cika kiret, na ga harshensa ya yi nauyi, yana laluben bakin kofi, amma kwaɗayi ya sa na buɗe na biyu. Abokan suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Shi kuma ya ce zai je bayan gida, sai ƙarar mashin na ji. Bai yi nisa a hanyar Yola ba ya faɗa kwalbati, cinya ta karye.

Washegari danginsa suka zo da 'yan sanda, wai na zuba masa wani abu a giya. Ni! Kwana tara shagon nan a kulle, a lokacin da ake cinikin shekara. Na biya kuɗin ɗori don a zauna lafiya. Kiret biyun nan har yau ko sisi. Yana wucewa ta nan da ɗingishinsa, har hannu yake ɗaga mini.

Saboda haka bar neman lamba. Wani uku ke kayar da shi, wani ya sha shida yana lissafin canjinsa daidai. Kalli ido da ƙafa. In da makullin mashin a hannunsa, rage masa tun wuri, kawo ruwa da tsire, kada ka yi gardama da shi gaban mutane.

Zancen ɗan ƙasa da shekara 18 kuwa, a jikin kwalba yake, ba sai na karanta maka ba. Giyar leda da NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta hana a 2024, kada in gan ta a firjina. Lasisin can da ƙaramar hukuma ta ba ni, sunana ne a kai, ba naka ba. Ku yaran yanzu ido na kan waya, mutum zai kife da kujera ba ku sani ba.

Tashi ka ƙirga min kwalaben tebur na uku.