Mai neman hayar gidana a Ingila tana karɓar tallafin gwamnati, in ba ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Birmingham. Ina da fulat mai ɗaki biyu da na saya da bashin banki, yanzu mun tashi ni da maigidana, ina so in sa shi haya fam 950 a wata. Wata mata ta zo ta duba, tana da yara biyu, namiji ɗan shekara 12 da mace 'yar shekara 7. Tana aikin 'yan awanni a gidan kula da tsofaffi, gwamnati kuma na taimaka mata da kuɗin haya. Ta kwanta min a rai, amma 'yan'uwa sun ce kada in kuskura, wai irinsu ba sa biya, fitar da su kuma sai an sha wuya. Maigidana ya ce idan dole ne in karɓi kuɗin wata shida a dunƙule. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Shawarar 'yan'uwa da ta Alhaji duka za su iya jawo miki tara, don haka mu fara kawar da su.

Shekaru da dama dillalan gidaje a Birtaniya suna rubuta "No DSS" a ƙarshen tallarsu, wato ba sa son mai karɓar tallafi, duk da cewa ita DSS ɗin, ma'aikatar da ke biyan tallafin a da, an rushe ta tun 2001. A Yulin 2020 wata kotu a York ta yanke hukuncin cewa yi wa masu tallafi kuɗin goro wariya ce a ƙarƙashin dokar daidaito ta 2010, domin mata da naƙasassu ne abin ya fi shafa. Sai kuma dokar haƙƙin 'yan haya, Renters' Rights Act, wadda aka sa wa hannu a Oktoban 2025, aka tsayar da 1 ga Mayu 2026 don fara aiki da manyan sassanta a Ingila. Ta haramta ƙin ba mutum haya don yana karɓar tallafi ko don yana da yara, kuma ƙaramar hukuma na iya cin mai gida tarar da ta kai fam 7,000. Ita wannan dokar ce ta hana karɓar fiye da kuɗin wata ɗaya kafin shiga gida. Na san inda Alhaji ya dosa, a Kano ko Abuja kuɗin shekara ake ajiyewa kafin a miƙa mukulli, amma a nan wannan ƙofar a rufe take. Kuɗin ajiya ma ba zai wuce na mako biyar ba tun dokar 2019, kuma dole ki sa shi cikin ɗaya daga asusun kariya uku da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30.

Doka ba ta ce dole ki ba ta gidan ba. Kina da ikon bincika ko za ta iya biya, kamar yadda za ki bincika likita ko direban bas, sai dai a lissafa tallafin cikin kuɗin shigarta. A nan aikinki yake.

Tunda tana cikin shekarun aiki, kusan tabbas ba tsohon tallafin haya na ƙaramar hukuma, wato Housing Benefit, take karɓa ba, shi yanzu ya fi komawa ga 'yan fansho da masu zaman wucin gadi. Universal Credit ne, tallafin wata-wata wanda ma'aikatar ayyuka da fansho (DWP) ke biya, kuma a cikinsa akwai kason haya. Gwamnati ba ta duba abin da kika sa wa gidanki ta biya. Akwai iyaka da ake kira Local Housing Allowance, wadda aka shigo da ita a 2008. An raba ƙasar yanki-yanki, a kowane yanki jami'an haya na tattara farashin gidaje su jera daga mafi araha zuwa mafi tsada, sai a yanka a kashi 30 cikin 100 daga ƙasa. Ma'ana, a ka'ida gida uku cikin goma ne tallafin ke iya biya gaba ɗaya. A aikace bai kai haka ba, saboda gwamnati kan daskarar da adadin alhali haya na ta hawa. An daskarar da shi daga 2016 zuwa 2020, aka gyara a Afrilun 2020, aka sake barinsa har Afrilun 2024, bayan wannan gyaran ma aka sake tsayar da shi. Yawancin labaran "ba sa biya" da kika ji daga wannan giɓin suka samo asali. Mutum yana karɓar fam 700 na haya, mai gida yana son 950, sauran 250 ɗin daga kuɗin cefane da na wuta za su fito kowane wata, wata rana kuma ba za su fito ba.

Ga wani abu a tambayarki da ya sa na ga matar nan ta fi yadda 'yan'uwa ke zato. Ba da girman gidan ake auna iyakar ba, da yawan ɗakunan da iyalin suka cancanta ake aunawa. Uwa ɗaki ɗaya. Yara biyu 'yan ƙasa da shekara 10 ana haɗa su ko da mace da namiji ne, masu jinsi ɗaya kuma ana haɗa su har zuwa 16. Nata namiji ne ɗan 12 da mace 'yar 7, ba a haɗa su, don haka adadin gida mai ɗaki uku za a lissafa mata ko da mai ɗaki biyu ta kama. Za a biya ko dai wannan adadin ko ainihin kuɗin hayar, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Ki shiga shafin LHA Direct na gwamnati, ki sa lambar unguwar fulat ɗin, ki duba layin ɗaki uku. Minti biyu ne. Idan a lissafin wata ya kai 950 ko ya kusa, rabin damuwarki ta kau.

Sauran rabin yana cikin takardar bayanin Universal Credit ɗinta. Ki roƙe ta ta nuna miki na wata uku na baya tare da takardun albashi. Ki duba jimillar abin da ke shiga hannunta, kada ki tsaya kan kason haya kawai, domin bayan wani adadi da ake yafe wa masu yara, duk fam ɗaya da ta samu a wurin aiki ana rage mata fene 55 daga tallafin. Ki duba ko ana cire mata wani tsohon bashi. Akwai kuma rufin da aka sa wa jimillar tallafi tun 2013, wanda ke cin iyalai masu yara da ba sa aiki, amma mai samun albashin da ya kai kimanin na awa 16 a mako a mafi ƙarancin albashi ya kuɓuta daga shi. Shi ya sa yawan awannin aikinta ke da muhimmanci ƙwarai.

Batun lokacin biya shi ne inda sababbin masu gida ke yawan ɓata wa kansu rai a banza. Universal Credit sau ɗaya ake biya a wata, a rana tsayayya, kuma bayan watan ya wuce. Sabon mai nema yakan jira kusan mako biyar kafin kuɗin farko, amma ita da ta riga ta shiga tsarin canjin adireshi kawai za ta kai rahoto. Idan ranar 18 kuɗinta ke shiga, ke kuma kika sa 1 ga wata ranar biyan haya, kin ba kuɗin kwana goma sha biyu ko sha uku suna zaune a asusun uwa mai yara biyu, ga takalmin makaranta ya yage, ga mita na kuka. Ki sa ranar haya 19 ga wata, ta ba banki umarnin tura miki kai tsaye. Ni a ganina wannan ɗan gyaran ya fi garanto amfani, kodayake neman wanda zai tsaya mata ba laifi ba ne matuƙar haka kike yi wa kowa.

Asali kuɗin hannun ɗan haya suke shiga. Idan bashi ya kai na wata biyu, kina iya neman DWP ta intanet ta riƙa biyan ki kason hayar kai tsaye, har ma ta riƙa yankar wani abu kaɗan-kaɗan don rage bashin. Mai gidan da ɗan hayarsa ke aiki a kamfani ba shi da wannan gatan, ba zai je wurin aikinsa ya ce a ba shi albashin ba. Sai dai ki kula: idan ana biyan ki kai tsaye, ta tashi daga gidan kika yi shiru kuɗi na ci gaba da shigowa, daga wajenki za a nemi a mayar.

Maganar fitarwa, gaskiya ce da wuya, amma wuyar ba ta san mai tallafi da marar tallafi ba. Sabuwar dokar ta soke sashe na 21 na tsohuwar dokar gidaje, wanda da shi ake tashin mutum ba tare da dalili ba. A ƙarƙashinta sai da dalili, kamar za ki sayar da gidan, ko za ki dawo ciki, ko bashin haya. Bashin da ke tilasta wa alƙali ya ba ki gidanki an ɗaga shi daga wata biyu zuwa uku, da notis na mako huɗu, kuma ba a lissafa abin da ya taru don jinkirin biyan Universal Credit. Saboda haka duk wanda kika ba wa, ki ajiye a gefe abin da zai biya banki na 'yan watanni.

Tunda da kike zaune a fulat ɗin, bashin da kika ci na gidan zama ne, sai kin nemi izinin bankin kafin ki sa ɗan haya, ki kuma canza inshorar zuwa ta mai ba da haya. Idan kin ga sharaɗin "ban da masu tallafi" a tsofaffin takardu, sabuwar dokar ta kashe irinsa, sai dai na inshora yakan tsaya har lokacin sabuntawa, ki kira su ki ji. Ki duba takardunta na izinin zama kamar yadda ake yi wa kowa a Ingila tun 2016, ki tanadi shaidar binciken gas ta shekara da ta wutar lantarki ta shekara biyar. Sannan ki kira mai gidan da take ciki yanzu, ko ma wanda ta zauna wurinsa kafin shi, don na yanzu idan yana neman rabuwa da ita yabo kawai za ki ji. Ki tambaye shi ko tana biya a kan lokaci da yadda ta bar masa gidan.