Littafi ko manhaja don lissafin kuɗin gida?

'Yar'uwa kin ce kuɗin cefane na ƙarewa tun kafin 20 ga wata ba ki san inda suke shiga ba, wai littafi ya fi ko manhajar waya. Ni dai na gwada duka, manhajar sati biyu na yi na watsar, don mai kayan miya da ɗan sahu ba sa ba da rasit.

Littafin 'yan makaranta na ajiye a kicin da biro ɗaure a jiki, kullum kafin na kwanta sai na rubuta komai har gishirin naira 100. Watan farko kar ki rage komai, rubutu kawai. Da na haɗa lissafi wallahi ashe ba shinkafa ke cinye ni ba, data ce da anko da gudummawar biki. Na taransifa da POS kuma ki duba alat, har cajin da ake cirewa.

Inda ake tuntuɓe shi ne mantawa da haya da kuɗin makaranta, ki raba su gida 12 ki riƙa warewa duk wata ko ki zuba a adashi. In kuwa bashi mai ruwa ya shigo ciki littafi ba zai isa ba, ku zauna da maigida ku nemi akanta mai amana ya duba muku.