Takin kalsiyam sayanamaid: me ya sa shukata ba ta fito ba?

Wani manomi ya aiko da tambaya: "Na samu baƙin taki mai suna kalsiyam sayanamaid. Na zuba shi a rami tare da iri, amma rabin shukar bai fito ba. Takin ne ya lalace?"

Ɗan'uwa, takin lafiyarsa ƙalau, yadda ka zuba shi ne ya cuce ka. Da zarar ya ji danshi yakan saki sinadarin sayanamaid, mai ƙona duk ɗanyen tsiron da ya tarar. Sai bayan kwanaki ƙasa ke juya shi zuwa yuriya, sannan amoniyam, wanda saiwa ke iya sha. Wannan zafin na farko shi ke kashe ƙananan ciyayi, ya rage dodon koɗi da cutar kumburin saiwar kabeji. Amma bai san bambancin ciyawa da irinka ba.

Don haka ka watsa shi kafin shuka, ƙasa tana da laima, ka bi da fartanya ko haro ya cakuɗu da ƙasar sama. Sannan ka jira kwana 2 zuwa 3 a kan kowane kilo 100 da ka zuba a hekta. Wanda ya zuba kilo 300 ke nan zai jira kwana 6 zuwa 9. Idan ƙasa ta bushe ƙamas, takin na nan kwance da zafinsa, kada ka ƙirga waɗannan kwanakin. Ni dai na fi son a gwada: ɗebi ƙasar gonar a gwangwani, ka shuka iri mai saurin tsirowa. In ya fito kore shar, gona ta shirya.

Wani kuma ya ce ƙasarsa mai tsami ce, ko takin zai ƙara mata tsami?

A'a, zai ma rage. Kusan kashi 20 cikin 100 nasa naitirojin ne, kimanin rabinsa kuma sinadarin farar ƙasa, wanda shi ke rage tsamin ƙasa. Asalinsa kabaid ne da ake gasawa da iskar naitirojin a zafin da ya kai digiri 1,000, dabarar da Adolph Frank da Nikodem Caro suka gano a Jamus a ƙarshen ƙarni na 19. Abin da ke burge ni da shi, naitirojin ɗinsa a hankali yake fita, ruwan sama ba ya saurin wanke shi. Sai dai kada ka haɗa shi da takin amoniyam salfet, domin naitirojin zai gudu ya bi iska.

Don Allah a kula da jiki. A sa safar hannu da takunkumi, kada a watsa shi ana iska, domin ƙurarsa na ƙona fata da ido. Mai shan barasa ya nisance ta kafin aiki da bayansa, haɗuwarta da takin a jiki na kawo jiri da bugun zuciya. A hana dabbobi kiwo a gonar har takin ya narke, a kuma ajiye buhun inda ruwa ba zai taɓa shi ba.