Tambayi Likita: Kafin Ku Shiga Lambun Furannin Daji

Tambaya: Likita, ina karatu a Cape Town, Afirka ta Kudu. Za mu je lambun Kirstenbosch a watan Satumba, lokacin da furanni ke buɗewa, ga ni da asma. In je?

Amsa: Je ka, ɗana, amma abin shaƙarka ya zauna a aljihu. Ƙurar fure na tayar da asma. In ka shaƙi maganinka amma numfashi bai daidaita ba, sai asibiti.

Tambaya: Ƙudan zuma ya harbi 'yata a lambu. Me zan yi?

Amsa: Ki kankare ƙarin da farce, ki wanke, ki ɗora ƙanƙara. In leɓenta ya kumbura ko numfashi ya sarƙe, ku garzaya asibiti.

Tambaya: Kakata ta ce duk tsiron daji magani ne. Zan iya tsinko ganye daga irin lambun nan in dafa?

Amsa: Wannan ce ta fi damuna. Allah ya ƙara wa kaka lafiya, amma kada ka kuskura. An kafa Kirstenbosch a 1913 don adana tsirran ƙasar, tsinka haramun ne a dokarsu. Kuma a cikin tsirran can akwai mai kama da albasa, ana kiransa gifbol, wanda maharba suka yi dafin kibiya da shi. A gida ma ga zaƙami, ba banza aka ce masa haukata-yaro ba: baki ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, mutum ya hau sambatu. Farin ruwan tumfafiya kuwa in ya faɗa ido yana iya dusashe gani. A wanke da ruwa mai yawa, a tafi asibiti.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne ɗura wa yaro manja in ya ci guba. Haba jama'a! Manja ba ya kashe guba. In yaron ya ƙware, man ya gangara huhu, an ƙara masa wata cutar. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, kada a jira a ga abin da zai faru. A cire sauran ganyen daga bakinsa, a ɗauki hoton tsiron da waya, a nufi asibiti ko da yaron na wasansa. Wata gubar sai bayan sa'o'i take nuna kanta.