Ga mai son cire tayoyinsa ya saka ranfilat

Malam, in na fahimci tambayarka, motarka da tayoyi na gama-gari ta zo da safaya a but, ka gaji da tsayawa canjin taya a gefen titi musamman da dare ko in kana tare da iyali, shi ne kake so ka ji ko za ka iya cire su ka saka ranfilat, tayar nan da ake ci gaba da tafiya a kanta ko iska ta fita. Ana yi, ni ma na yi. Na hau motar da ta zo da su daga kamfani, daga baya kuma na saka wa wata da ba ta zo da su ba, to abin da na gani shi zan faɗa maka, in ya so sai ka auna da irin hanyar da kake bi.

Da farko cire wa ranka cewa taya ce da ba ta fashewa, don yawancin masu saye da wannan tunanin suke zuwa. Ƙusa na shigarta kamar kowace taya, iska ta fita tas. Bambancin yana gefenta ne, bangon nan da ake rubuta lambobi a jiki. A taya ta gama-gari iska ce ke ɗauke da nauyin mota, tana fita sai gefen ya lanƙwashe rim ya zauna a kan roba ya yi ta yankarta, kafin ka samu wajen fakin ta riga ta zama tsumma. Ita ranfilat an ƙara wa gefenta roba mai kauri mai jure zafi daga ciki, shi ne yake riƙe motar in babu iska. Amma na ɗan lokaci ne. Ƙa'idar da yawancin kamfanoni suka bayar ita ce kilomita 80, a gudun da bai wuce kilomita 80 a awa ba. Kuma wannan 80 ɗin ba alkawari ba ne, in motar cike take da mutane da kaya ga rana ta take ga hanya ba kyau, ba lallai ta kai ka haka ba, domin zafi ne ke kashe ta, gefen yana ta lanƙwasa yana miƙewa yana ɗaukar zafi har robar ta fara sakin jiki. Kenan abin da kake saye da kuɗinka shi ne damar barin wuri mara kyau ka isa inda za a duba ka, iyakar abin kenan.

Yanzu abin da ya fi komai muhimmanci, wanda in babu shi ni dai ba zan ba ka shawarar sakawa ba: motarka tana da TPMS? Wato na'urar da ke kunna maka alama a dashbod in iskar taya ta ragu, ƴar fitilar nan mai ruwan ɗorawa mai kama da kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya. Dalili, ranfilat in ta sace ba ta nunawa. Wallahi sai ka zagaya motar ka dube ta da ido ka ce lafiyarta ƙalau, alhali babu iska ko kaɗan, a sitiyari ma in hanya miƙaƙƙiya ce ba lallai ka ji komai ba. To ka ga mutumin da bai san tayarsa ta sace ba zai ci gaba da taka 120 a babban titi, ya cinye kilomita 80 ɗin nan bai ma san ya fara ƙirga ba, ranar da za ta tarwatse kuma a guje za ta same shi. Gara taya ta gama-gari sau dubu a kan ranfilat babu TPMS, don ita aƙalla tana gaya maka da wuri.

Ka duba ko kana da ita: murɗa makulli ba tare da ka tada inji ba, in alamar ta kawo tare da sauran fitilu ta ɗauke, akwai. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka dole ne suna da ita tun daga Satumbar 2007, na Tarayyar Turai kuma tun Nuwambar 2014, waɗanda suka girmi haka ko aka yi don wata kasuwa sai an duba. Iri biyu ce. Akwai mai sensa a cikin kowace taya a gindin bawul, tana auna iskar kai tsaye, wasu motocin har lamba suke nuna maka. Akwai kuma wadda ke amfani da sensar ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, tana lura in wata taya ta fi sauran saurin juyawa saboda ta ɗan ƙanƙance. Ta biyun dole a yi mata risetin duk lokacin da aka canja taya ko aka ƙara iska, in ba haka ba ƙarya za ta yi ta yi maka. Sannan ka tabbatar tana aiki da gaske, don motoci da yawa fitilar ta shekara a kunne mai motar ya saba da ita, batirin sensa ya mutu, kuma batirin a rufe yake ba a canja shi sai dai a canja sensar gaba ɗaya. In motar ba ta da ita kwata-kwata ana sayar da ta sakawa daga baya, har da mai sensa a murfin bawul da ɗan allo da ake ɗorawa a dashbod, tana aiki, sai dai ka sayi ta kirki.

Sai maganar rim. Motocin da suka zo da ranfilat daga kamfani, kamar yawancin BMW da Mini, sau da yawa rim ɗinsu yana da wani tudu na musamman daga ciki da ke hana bakin taya zamewa in babu iska, za ka ga an buga EH2 ko EH2+ a jikin rim ɗin. Naka mai yiwuwa H2 ne na gama-gari. Ba wai ba za ta hau ba, tana hawa, amma ba kowace ranfilat kamfaninta ya yarda a ɗora ta a rim na gama-gari ba. Bridgestone sun fito da DriveGuard a 2014 musamman saboda irinku, motocin da ba su zo da ranfilat ba amma suna da TPMS, irin wannan tayar ya kamata ka nema, ba ka je ka ɗauko wadda aka yi wa wata mota takamaimai ba, mai alamar tauraro ta BMW ko MOE ta Mercedes, don kawai sayiz ya zo ɗaya. Kuma in rim ɗinka ya taɓa lanƙwasa aka buga aka miƙe, ka manta da zancen har sai ka canja shi.

Kowane kamfani da yadda yake rubuta tasa a gefen taya, ka sani kar a sayar maka da ta gama-gari da sunan ranfilat: Bridgestone RFT, Michelin ZP, Continental SSR, Goodyear ROF ko EMT, Dunlop DSST, Hankook HRS, Pirelli kuma suna rubuta Run Flat ɓaro-ɓaro. Sayiz ka tsaya a kan wanda ke jikin sitikar ƙofar direba, misali 225/45 R17 91W, kar ka yi wasa da 91 ɗin nan da harafin ƙarshe, nauyin da za ta ɗauka ne da iyakar gudunta, kar ka sauka ƙasa da abin da aka rubuta maka. Mafi yawan ranfilat daga inci 16 zuwa sama ake samu, in motarka ƙarama ce mai inci 14 da wuya ma ka samu, magana ta ƙare tun daga nan.

Huɗu za ka saka, ba biyu ba. Na san za a ce maka saka biyu a gaba ka gani tukuna, kar ka yarda. Taurin gefensu ba ɗaya ba ne, a kwana ko birkin gaggawa gaba na amsawa daban baya na amsawa daban. Haɗa su a aksil ɗaya kuwa, hagu ranfilat dama gama-gari, wannan sai dai in lalura ce ta kai ka gida.

To yanzu abin da masu sayarwa ba sa son faɗa, wato yadda motar za ta koma. Ta yi tauri. Ranar farko da na fito da su a motar da ba ta zo da su ba, duk wani ɗan tsagi da gyaran kwalta da ban taɓa sanin yana hanyar ba sai da na ji shi a kujera, ƙara ma ta ɗan ƙaru a cikin mota. Wadda ta zo da su daga kamfani ba ta kai haka ba saboda an saita shokazoba da sifirin ɗinta da sanin taya mai tauri za ta ɗauka, taka kuwa an saita ta ne da tunanin gefen taya zai shanye rabin bugun. Ga nauyi, ranfilat ta fi takwararta nauyi, kuma nauyi ne a wurin da shokazoba ke fama da shi kullum. Sababbin fitowa sun fi na da laushi sosai, wannan gaskiya ne, wanda ya hau na farko-farko ya tsane su in ya hau na yanzu zai yi mamaki, amma har yau ba su kai taya mai kyau ta gama-gari daɗi ba. In hanyarka santsi ce za ka saba cikin ɗan lokaci. In hanyar ramuka ce kuwa ka yi tunani sosai, domin bugun da gefen taya ya ƙi shanyewa rim ne ke karɓa, na ga rim ɗin alminiyom ya tsage a rami tayar kuma ta yi ƙullutu a gefe, kuma ranfilat da gefenta ya yage ba ta da wani amfani, abin da za ta tsaya a kai ne ya tafi.

Sai faci, nan ne kuɗi ke zuba. Taya ta gama-gari ƙusa ta shiga tsakiya, a cire a yi faci ka ci gaba da harkarka. Ranfilat in ka yi tafiya a kanta babu iska, cikin gefen yana iya lalacewa ba a gani daga waje, shi ya sa wasu kamfanonin suka hana yi mata faci kwata-kwata, wasu suka yarda da sharaɗin a cire ta daga rim a duba cikinta kuma hujin a tsakiya yake ba kusa da gefe ba. Dabarar da nake yi, in alama ta kawo ba na cewa ai ranfilat ce in wuce, tsayawa nake a wuri mai aminci in auna da geji, in sacewar a hankali ce sai in ƙara iska da ɗan kwamfireso na mota in lallaɓa, tayar da ba a taka ta babu iska ba ita ce ake iya ceto. Wadda ka ci kilomita 60 a kanta fayau, ka ɗauka ta tafi, sabuwa za ka saya, kuma in ta ɗaya gefen ta cinye sosai sai ka ga biyu za ka saya. Kuma asali ma ta fi ta gama-gari tsada.

Mai facin ma ba kowane ba. Gefen yana da tauri ƙwarai, wanda ke cire taya da ƙarfe da guduma zai yaga bakinta ko ya karce rim ko ya karya maka sensa, an taɓa karya min ɗaya a wajen wani da ya rantse ya saba yi. Sai mai injin cire taya irin mai hannun taimako. Kafin ka biya kuɗin taya ka fara gano wa zai ɗaura ta, sannan ka tambayi kanka, a hanyoyin da kake bi, in ta sace, cikin kilomita 80 akwai inda za ka samu sayiz ɗinka a ranfilat a ajiye? Don ba kowane shago ke ajiye su ba, sai a ce sai an yi oda. Mai yawo cikin babban gari ba shi da wannan damuwar, mai doguwar tafiya shi ne zai kwana a garin da bai shirya ba.

Shi ya sa nake cewa kar ka kuskura ka fitar da safaya da jak da wilsifana daga but. Kamfanonin mota suna cire safaya ne don rage nauyi da samun fili, kai kuwa ka riga kana da wajenta, ka bar ta a nan kuma ka riƙa duba iskarta. Ranfilat da safaya tare, ai ka fi wanda motarsa ta zo da ranfilat ɗin ma, ka bar wuri mara kyau da dare ka isa gidan mai mai haske sannan a canja hankali kwance.

Ta hannu kuma ka guje ta, a ranfilat dai. Ba ka san ko mai ita ya taka ta babu iska ba. In dole ta sa, leƙa cikinta, in ka ga garin roba ko yamutsewa a bangon ciki ka ajiye musu abarsu. Ko sabuwa ce duba lambobi huɗu na ƙarshen DOT, wato jerin lambobin da ke gefen taya, su ke nuna lokacin da aka yi ta, misali 1522 na nufin sati na 15 na 2022, saboda ranfilat takan daɗe a shago ba a saya ba.

In ƙusa ce kawai damuwarka akwai wata hanyar da ba a cika magana a kai ba, tayoyi masu toshe kansu, irin ContiSeal na Continental ko Seal Inside na Pirelli, an shafe cikinsu da wani abu mai danƙo da ke rufe huji a tsakiyar taya, na Continental har faɗin milimita 5. Laushinsu kamar na gama-gari, sai dai ba sa maganin yagewar gefe kuma in iska ta riga ta fita ba a tafiya a kansu.

Ni a motar da matata ke ja cikin gari na bar ranfilat, saboda ba na son ta tsaya ita kaɗai da yara a gefen titi, kuma akwai TPMS mai aiki. A wadda nake doguwar tafiya da ita na koma gama-gari masu kyau da cikakkiyar safaya da kwamfireso. Ka turo mana samfurin motar da shekararta da abin da ke rubuce a gefen tayarka yanzu, da hoton dashbod lokacin da ka murɗa makulli, sai a duba ko akwai sayiz ɗinka ma tukuna.