Zan iya canza takalmin birkin gaba da kaina?

Malam, ka ce motarka na ƙara kamar ana goga ƙarfe in ka taka birki, kana tambaya ko za ka iya canza takalmin da kanka. Za ka iya, in kana da jak da sufana da haƙuri. In kaurin abin da ya rage bai wuce milimita 3 ba, lokaci ya yi. Kuma a canza hagu da dama tare, in ba haka ba motar za ta riƙa ja gefe guda.

Ka ja birkin hannu, ka sassauta notocin taya kafin ka ɗaga, ka sa abin tokare mai ƙarfi. Kada ka yarda da jak shi kaɗai. Cire taya, kwance kusoshin kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe da takalman yana matse su a jikin faifan birki, ka ɗaure ta da waya, kar ta yi lilo a jikin tiyon mai.

Inda mutane ke shan wuya shi ne mayar da fistin, wato abin da ke tura takalmin daga cikin kalifa, ciki. Ɗora tsohon takalmin a kansa, ka matse a hankali, idonka na kan tankin man birki, don man zai tashi, kuma in ya zuba yana cin fenti. Duba faifan ma. In farcenka na maƙalewa a zanen da ke jikinsa, sabon takalmi ba zai daɗe ba. Giris a sandunan da kalifa ke zamewa kawai, ban da fuskar takalmi.

In ka sa sabbin takalman ka mayar da komai, kafin ka motsa, ka tattaka birkin har ya yi tauri. Ni na taɓa mantawa, saura ƙiris in rungumi bango.