Takardar MAN za ta hana NAFDAC rufe mini masana'anta?

Tambaya: Ina da ƙaramar masana'antar sabulun ruwa a Sharaɗa, Kano. Makon jiya jami'an NAFDAC suka rufe wa maƙwabcina wurinsa, tun ranar barci ya gagare ni. Wani ya ce in ba shi kuɗi ya shigar da ni ƙungiyar masu masana'antu ta Najeriya, wato MAN, wai da takardarta ba mai taɓa ni. Kuma a MAN ɗin, rukunin roba zan shiga ko na sinadarai, tunda ni nake yin gorar da nake zuba sabulun?

Amsa: Malam, Allah ya kwantar maka da hankali. MAN, wadda aka kafa a 1971, ta kasa mambobinta rukuni goma gwargwadon abin da kowa ke kaiwa kasuwa: masu abinci da abin sha a nasu, masaƙu da masu fata a nasu, haka masu ƙarfe da masu roba. Sabulu kake sayarwa, gora mazubi ce kawai, don haka rukuninka na sinadarai da magunguna ne. A Kano kuma reshen Sharaɗa da Challawa ne naka, ba na Bompai ba.

Amma maganar mutumin nan ita ta fi damuna, domin kusan kullum sai na ji irinta. MAN ba hukuma ba ce, ba ta ba da lasisi. Ƙungiyar masu masana'antu ce da ke kai kukansu ga gwamnati kan kuɗin wuta, harajin kwastan da tsadar dala. Lambar NAFDAC kuwa kowane kaya da tasa, kuma ba a samunta sai jami'ai sun zo sun duba daɓen ɗakin aikinka, ruwan da kake haɗi da shi, sun ɗebi samfuri sun kai ɗakin gwaji. Na taɓa shiga wani ofis na tarar da takardar shaidar ƙungiya a cikin firam, an rataye ta a bango tsaf, ƙofar ɗakin haɗa kaya kuwa an garƙame ta da kwaɗon hukuma. Mai wurin ya biya ɗan kamasho, ya saki jiki, ya ci gaba da sayar wa mata abin da ba wanda ya gwada ko yana cin fata. Wallahi irin 'yan kamashon nan suna ɓata mini rai, domin da tsoron mutum suke cin abinci.

Kada ka ba shi ko sisi. Buɗe shafin NAPAMS na NAFDAC ka fara rajistar sabulunka da kanka, ka nemi shaidar ingancin kaya ta MANCAP a wurin SON, hukumar da ke tsara ƙa'idojin ingancin kayayyaki, sannan ka taka da ƙafarka zuwa ofishin reshen MAN ka karɓi fom.